Sabon inji a tsohuwar Peugeot 504: abin da makanikai suka ce

Mun zauna da makanikai a wani gareji a Yamai kan tsohuwar 504 mai buɗaɗɗen baya. Yawancinsu sun fi son injin gazuwal na Toyota 3L, mai lita 2.8, don kayansa na samuwa kuma bai da kwamfuta. Inji mai kwamfuta kuwa, sai ka saye shi da wayoyinsa duka, in ba haka ba wahala ce.

Ka ɗauko inji da akwatin giyarsa tare, a auna farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, tun kafin walda.

Dattijon cikinsu ya nace kan lagireto, mai sanyaya inji, kuma na yarda da shi: zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. A ƙarfafa birki, a gyara takardun mota tunda an canza inji.