Tafi kafin a kai ƙarshen kiɗa: laifi ne?

Aminu: Assalamu alaikum. Daren jiya na je sauraron Simfoni ta 9 ta Beethoven a nan Jamus, wato dogon kiɗan da ya tsara, wanda taron makaɗa ke kaɗawa kashi-kashi. Kashin farko na ƙarewa na hau tafi, ni kaɗai a layinmu. Wata dattijuwa ta waiwayo ta ɗora yatsa a leɓe. Har yanzu abin na ci mini rai, don ni ban ga laifin da na yi ba.

Yaya Hadiza: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi haƙuri, amma tana da gaskiya. Kashi huɗu ne, sama da awa guda, kuma duk abu ɗaya ne. Ka tuna kashi na uku, yadda goge ke tafiya a hankali har kana jin numfashin na kusa da kai? Daga wannan shirun kashi na huɗu ke fashewa, can mawaƙa su miƙe da baitukan marubucin waƙa Schiller. In aka tafa a tsakani, an tsinke zaren.

Malam Bashir: Hajiya, ban yarda ba. Ranar 7 ga Mayu 1824 da aka fara kaɗa ta a Viyana, tun ana cikin kashi na biyu mutane suka ɓarke da tafi. Shi Beethoven ya riga ya kurmance, sai da mawaƙiya Caroline Unger ta juyo da shi ya ga hannaye da idonsa. A 1778 ma Mozart, wani mai tsara kiɗan, ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris yana murna an tafa masa kiɗa na tsaka da tafiya. Shirun nan daga baya aka ɗora shi.

Yaya Hadiza: Na ji, Malam, tarihi ne. To amma wa Aminu ya zauna da su jiya, mutanen 1824? In ka je gari ka ga kowa da wutsiya...

Aminu: Yaya, mu da muka tashi ana rangaɗa guɗa makaɗi bai ajiye gangarsa ba, a ce jiki ya amsa kuma ka danne?

Malam Bashir: Ga abin da nake yi. Ina kallon hannun mai jagorar makaɗan. Muddin yana sama, ban motsa ba. In ya sauke, ya zaro hankici yana share gumi, na tafa.

Yaya Hadiza: Bayan kashi na biyu na yarda da wannan. Bayan na uku kam, Malam, ko ya sauke hannu ba zan tafa ba.