Majiginmu na kulle a ofis, ta ina zan fara?

Malama daga Daura: Assalamu alaikum. An kawo mana majigi da kwamfuta, aka yi mana bita sama-sama, shi ke nan. Yanzu ƙura ta rufe kwalin. Ɗalibaina a kwamfuta za su rubuta JAMB, wasunsu ba su taɓa riƙe linzaminta ba. Abin yana damuna.

Malami daga Katsina: Wa alaikumus salam, Malama. Ku ware yammacin Alhamis, wanda ya iya ya koya wa sauran. Ki fara da abu guda: haska taswirar Najeriya a bango, yara su fito su nuna jihohi.

Wata malama: Yaya, wuta fa? Ki yi cajin kwamfutar, ki sauke darasin tun daga gida.

Malama daga Daura: Allah ya saka da alheri. Gobe zan je wajen shugaba.