Ana neman kalma: me za mu kira sinadaran da ke kai saƙo a cikin tumbi?

Assalamu alaikum. Ina shirya bayani kan gyambon ciki da zan yi wa mata a Islamiyyar unguwarmu a nan Gusau, sai na cije a kan kalma ɗaya: sinadaran da ke gaya wa tumbi ya zubo asid ko ya tsaya. Sunayensu na boko na nan, abin da zai tara su a Hausa ne nake nema.

Ga yadda aikin yake. Tun daga jin ƙanshin miya, jijiya ke sakin asitilkolin. Abinci na isa tumbi, ƙasansa ya saki gastirin, gastirin ya tayar da histamin, histamin ya je ya buga wa ƙwayoyin halittar tumbi masu yin asid ƙofa. Idan asid ya yi yawa, somatostatin ya fito ya ce ya isa haka. Uku na cewa a zuba, ɗaya na cewa a tsaya.

Yayata da ke aikin jinya a Talata Mafara ta ce: "Ke, bar shi a homon kawai, kowa ya san shi." Na ce mata Yaya, matan da zan yi wa magana idan suka ji homon, al'ada da haihuwa za su tuna. Kuma a cikin huɗun nan ba duka ne homon ba, asitilkolin daga jijiya yake fita.

Sinadari shi kaɗai bai isa ba, dunƙulen miya ma sinadari ne. Wani malaminmu ya kawo manzo. Na ce Allah gafarta Malam, kalmar ta yi nauyi, a bar ta inda take. Jakada kuma yanzu ofishin ƙasar waje yake kawo wa mutum a rai.

Ni dai na tsaya a kan ɗan aike, jam'i 'yan aike. A rubutu, sinadarin aike. Duk wadda ta taɓa aiken yaro kasuwa ta san ana iya tare shi a hanya, kuma nan ne kalmar ta biya ni. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostiraliya a 1982 har suka samu kyautar Nobel a 2005, tana zama a tumbi ne ta hanyar yin amoniya da ke kashe kaifin asid a kewayenta. Idan ta kafa zama a ƙasan tumbi, sai ta raunana ɗan aiken da ke cewa a tsaya. Gastirin ya yi yawa, asid ya yi ta zuba har ya ci bakin hanji. Idan kuma ta mamaye saman tumbi shekara da shekaru, masu yin asid ɗin ne ke lalacewa, asid ya ragu.

Wannan nake so iyayenmu mata su gane, domin da yawansu sun ɗauka yunwa ce kaɗai ke kawo olsa, su yi ta shan kanwa ko maganin rage asid na omefirazol ba a gwada ko ƙwayar na nan ba.

Saura wurin da ɗan aiken ke isar da saƙo, wanda maganin olsa na simetidin ke toshe wa histamin. Na rubuta ƙofa, Yaya ta ce kunne. Jama'a, ya kuka gani? Ranar Asabar zan yi bayanin.