"Hanyar lafiya a bi ta da shekara": tana da amfani in tanka ta riga ta kafe?

Barde:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da nake so mu tauna yau ita ce "hanyar lafiya a bi ta da shekara". Kowa ya san inda ake kawo ta: ga gajeriyar hanya mai haɗari, ga doguwa marar haɗari, sai a ce wa mutum ya bi doguwar. Abin da ya sa na ɗauko ta, abokan wasanmu na Combat Mission, wasan yaƙin nan na kwamfuta, sun mayar da ita abin jifan duk wanda tankarsa ta kafe a taɓo.

Ga wanda bai san wasan ba: kai da abokin karawarka kowa zai ba dakarunsa umarni, sai kwamfuta ta buga minti ɗaya cur na yaƙi, kuna kallo ba mai ikon sa hannu. In ka tura tanka ta ratsa gona bayan ruwan sama, tana iya nutsewa. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ta fizge kanta bayan ɗan lokaci, ko ta tsaya ke nan har a tashi wasan. Ni a ganina an ɗora karin maganar a inda ba muhallinta ba. Yaƙin yana da ƙayyadadden lokaci, ana ƙirga maka kowane minti. Ina shekarar da za a bi hanya da ita?

Dattijo:
Wa alaikumus salam. Ɗana Barde, ban taɓa buga wasan naku ba, amma karin maganar na san ta tun ba a haife ka ba. Bahaushe bai ce ka kwashe wata goma sha biyu a hanya ba. Cewa ya yi kada tsawon hanya ya sa ka raina ta. Wanda ya zagaya ya isa a makare ya fi wanda ya yanke bai isa ba ko kaɗan. Kai da bakinka ka ce tankar na iya tsayawa har ƙarshen wasa. To wa ya fi ɓata lokaci, wanda ya ƙara minti biyar a kan titi, ko wanda motarsa ta zauna a laka? Shi ya sa ake haɗa ta da 'yar'uwarta, "sauri ya haifi nawa".

Ɗan Sintiri:
Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, da a ce titin shi ne hanyar lafiya da magana ta ƙare. Matsalar ita ce abokin karawarka ma ya ga taswirar, ya karanta bayanin farkon wasa cewa ƙasa jiƙaƙƙiya ce, ya san za ka ji tsoron gona. To ina zai kafa igwarsa ta harbin tanka? A bakin titin mana, cikin duhuwa, daidai kwanar da dole ka rage gudu. Titi zai tsare ka daga laka ya miƙa ka ga harsashi. Tankar da ta kafe tana nan da ranta da bindigarta. Wadda aka fasa a kan kwalta kuwa ta tafi, makinta ya koma hannun abokin gaba, gawarta kuma ta toshe hanya, na baya su fara kaucewa gefe su faɗa cikin lakar da aka gudu tun farko.

Malama:
Ɗan Sintiri, ka kawo hujja mai kyau, amma karin maganar ka ƙarfafa ba ka rushe ta ba. Ba ta ce a bi kwalta ba, ba ta ce a bi hanyar da kowa ke bi ba. Aikin gano wace ce ta lafiyar ta bar wa mai tafiya. In titi na da kwanton ɓauna, ya fita daga lissafi. Abin da take nema a wurinka shi ne haƙurin bincike: sojojin ƙasa su yi gaba su tono inda igwar take, a jefa hayaƙi, a duba taswira a ga ina ne tudu, ina ne fadama. Wannan jiran shi ne shekarar.

Inda zan bi bayan Malam Barde shi ne lokacin faɗinta. Wannan magana ta kafin tafiya ce. Faɗa wa mutum ita bayan tankarsa ta nutse gori ne, ba nasiha ba.

Makanike:
Malama ta gama da ɓangaren kafin a shiga. Ni bari in yi maganar bayan an shiga, don nan ne mutane suka fi asara, kuma karin maganar da ta dace da nan daban ce: "garin neman gira a rasa ido".

Da zarar tanka ta kafe, zuciya na raya wa mutum ya tura ta biyu kusa da ita. A wasan nan babu umarnin ja, wata tanka ba za ta ɗaura wa wata waya ta fizgo ta a tsakiyar yaƙi ba. Duk abin da ka yi shi ne ka kai ta biyu kan ƙasar da ta riga ta nuna maka halinta. Ko a yaƙin gaske ma ceto bai da sauƙi. Tankar Tiger ta Jamus, ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, nauyinta ya kai tan 57, kuma sai an haɗa manyan motocin janwe masu rabin sarƙa har uku kafin a ja guda ɗaya. An hana a ja Tiger da wata Tiger, saboda inji da giyar mai jan ba sa ɗaukar wahalar, sai a wayi gari biyu ne kwance. Farkon fitarta fagen daga ma, a shekarar 1942 kusa da Leningirad, a ƙasa mai fadama aka tura su, ɗaya ta kafe aka kasa fito da ita.

Wani abin da 'yan wasa ke mantawa, ba nauyi kaɗai ke nutsar da tanka ba, yadda nauyin ya bazu a kan ƙasa ne. Tankar T-34 ta Tarayyar Sobiyet faɗin sarƙar da take tafiya a kai santimita 50 zuwa 55 ne, Panzer IV ta Jamus kuwa bai wuce 40 ba. Shi ya sa a caɓin ƙarshen 1941, lokacin da hanyoyin Rasha suka zama laka, T-34 ke wuce inda na Jamus ke tsayawa. Amurkawa ma sai da suka ƙara wa sarƙar tankarsu Sherman wasu ƙarafa a gefe don ta yi faɗi. Saboda haka hanyar da ta zama ta lafiya ga wata tanka, ga wata kabari ce. Ka san abin da kake tuƙawa kafin ka zaɓi hanya.

Ɗan Auta:
Yaya Makanike, to in ta kafe me zan yi? An ce min in soke umarnin da na ba ta in sa ta a ribas, wai "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne".

Makanike:
Ƙanena, 'yan wasa sun daɗe suna gardama a kan ribas ɗin nan. Wasu sun rantse yana fitarwa, wasu sun ce kwamfuta ce ke jefa ƙuri'arta ko ka ba da umarni ko ba ka bayar ba. Ni nakan sa ribas, dalilina kuwa ɗaya ne: in ta fita, gara ta koma kan ƙasar da ta riga ta ɗauke ta da ta ci gaba cikin wadda ta kama ta.

Dattijo:
Ɗan Auta, kada ka cuci karin maganar nan. Rago in ya ja baya, shirin karo yake yi, da ƙarfinsa da niyyarsa. Ana faɗinta ga wanda ya janye da gangan don ya dawo da ƙarfi. Motar da laka ta riƙe ba ta janye ba, kama ta aka yi. Ajiye wannan sai ranar da ka ja tankarka bayan tudu don ka ɓullo ta wani gefe.

Barde:
Na yarda da Baba a kan ragon. Amma akwai abin da har yanzu ba mu taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. Duk karin maganganun nan suna ɗaukar tankar da ta kafe kamar ta mutu. Ba ta mutu ba. A watan Agusta na 1917, a yaƙin Ypres na uku a Beljiyam, wata tankar Birtaniya ƙirar Mark IV da ake kira Fray Bentos ta faɗa rami ta kafe a tsakanin ɓangarorin biyu. Mutanen cikinta sun yi kusan kwana uku a nan suna kore farmakin Jamusawa kafin waɗanda suka rayu su rarrafa su koma wajen nasu. A wasan ma haka ne. In kan tankar mai juyawa ne, ta zama ganuwa mai igwa. Ka duba abin da take hangowa daga inda ta tsaya, ka sake tsara farmakinka ya dace da ita, ka ajiye 'yan sojoji kaɗan a gefenta don kada a lallaɓo a jefa mata gurneti.

Ɗan Sintiri:
Da sharaɗi, Malam Barde. In StuG III ta Jamus ce, wadda ba ta da kai mai juyawa, bindigarta ɗan karkatawa kaɗan take yi dama da hagu, sauran juyin da dukan jikinta take yi. Ta kafe tana kallon gabas, abokin gaba ya ɓullo ta kudu, shi ke nan. Irin wannan ba zan ɓata mata sojoji ba. Kuma ko mai juyawar ce, in ta tsaya a cikin kwari inda ba ta hango komai, masu gadinta sun fi amfani a gaba.

Malama:
To kun ga ashe wuri uku ne, mu kuma muna ta neman karin magana ɗaya ta rufe su duka. Ta Malam Barde ta kafin shiga ce, ta Makanike ta lokacin da zuciya ke cewa a je ceto. Na ukun, wato cin moriyar abin da ya riga ya tsaya, shi ne ban ji an kawo masa ba. "Da babu gara ba daɗi" ta zo min, amma ta yi sanyi da yawa, kamar mai ba kansa haƙuri, alhali abin da Barde ke nufi shi ne a mayar da tankar makami. Baba Dattijo, ko akwai wadda ta fi ta?

Dattijo:
'Yata, akwai "kowa ya rasa uwa, ya sha nonon kaka", sai dai ita ma ta mai haƙuri ce, kuma a nan ba a rasa komai ba tukuna. Ku bar ni in yi tunani zuwa gobe. Kafin nan, Ɗan Sintiri, ka ƙara min bayani: ita waccan da ba ta juya kai, mutanen cikinta za ka iya fito da su su tsira da ƙafa, ko dole su zauna a ciki?