Wa aka taɓa ɗora wa fassarar fim a gida?

Wani ɗan Hausare, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da dare na tarar da ɗana yana fassara wa kakarsa wani wasan barkwanci a waya, sai na tuna da kaina. A 1985 aka fara talabijin a Kamaru, amma sai da aka ɗau shekaru kafin akwatin ya shigo gidanmu. Da ya shigo kuwa ni aka naɗa tafinta, don ni ne na fi nisa a boko. Fim na Amurka ne ko na Faransa, da Faransanci yake iso mana, Inna kuma Hausa da Fulatanci kawai take ji.

Fim na faɗa bai taɓa ba ni wahala ba: wannan ne jarumi, wancan ne bos, ya kashe masa uba, zai rama. Barkwanci ne ke ɗaure ni. Akwai Louis de Funès, ɗan gajeren nan mai sanƙo da ke fitowa a jandarma, bakinsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Kafin in juya magana ɗaya ya yi biyar. Ina ƙyaƙyata dariya, Inna na zungurina: "Me ya ce?" In na faɗa sai ta dube ni ta ce, "Shi ke nan?" Har yau wannan tambayar tana min ciwo, domin na san abin da ban dariya, a bakina ya mutu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, ya ba mu nasa.

Wata uwa daga Domayo, Marwa:
Wa alaikumus salam Yaya. Mu Mr Bean ne ya hutar da ni. Rowan Atkinson, wanda ke fitowa a matsayinsa, bai fi yin gunaguni a ciki ba, saboda haka ba mai cewa in fassara. Kashi 15 ne kacal aka yi tsakanin 1990 da 1995, amma a gidanmu sai ka rantse ɗari ne, don mun maimaita har kaset ya gaji. Ranar da ya cusa kai cikin talotalo yana neman agogonsa, kakanmu da ba ya ko zama inda ake kallo sai da ya tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, kafaɗunsa na rawa.

Sai dai Goggo ba dariya take ba. Tausayinsa take ji. Kullum tambayarta, "Wannan bawan Allah ba shi da dangi ne? Babban mutum yana kwana da 'yar tsana, ba mai leƙo shi?" Tana kuma tambayar su wa ke dariya a bayan fage, me ya sa ba sa fitowa su taimake shi. Da na girma na sake kallo, wallahi na ga abin da ta gani. Mutumin shi kaɗai yake cin abinci, shi kaɗai yake aika wa kansa katin gaisuwa. Tun daga nan dariyata ta ragu a kansa, ko da yake har yanzu ina ganin babu na biyunsa wajen wasa da fuska.

Wani mai gyaran babur, Kusseri:
Malam na Garwa, kar ka ji haushi, kai ka so gaskiya da yawa ne. A gidan kallon unguwarmu, inda muke biyan sefa 25 mu zauna a benci, akwai wani dattijo da ke tsayawa gefen akwati in an sa fim ɗin Indiya. Ba ya jin Indiyanci ko kalma goma. Amma in ɗan camama ya fito, sai ya sa masa maganar 'yan kasuwa, ya haɗa Hausa da Larabcin Shuwa, ɗaki ya kaure. Ba wanda ya taɓa ce masa "shi ke nan?" Abin da masu fassarar Kano suke yi ke nan yanzu, shi ya sa finafinansu suka cika wayoyinmu. Fassarar barkwanci ba awon gero ba ce da za a ce sai mudu ya cika daidai.

Wata malamar makaranta, Ngaundere:
Ɗan'uwa na Kusseri, rabin maganarka na karɓa. Dattijonku gwani ne, amma abin da kuka yi wa dariya nasa ne, ba na fim ɗin ba. Kuma wasu masu fassarar yanzu suna cusa ashar da habaicin da babu shi a asali, yara na haddacewa. Wannan ba na so.

Ni matsalata kunya ce. Ina 'yar shekara 13, Baba na kishingiɗe, matan gida uku na zaune, sai Bature ya yi wata magana ta tsakanin miji da mata, a ji dariyar nan ta bayan fage ta tashi. Kowa ya juyo gare ni. Me zan ce a gaban mahaifina? Sai in ce, "Gaishe ta ya yi." Wata rana amaryar Baba ta ce, "Turawan nan gaisuwa ce kawai ke ba su dariya?" Baba bai ce komai ba, ya miƙe ya tafi zaure. Shekaru bayan haka na gane yana jin Faransanci fiye da yadda yake nunawa, ya yi aiki da 'yan kamfanin auduga. Ashe duk ya san abin da nake ɓoyewa, fita yake yi don ya sauƙaƙa min.

Wanda na ji daɗin fassarawa shi ne shirin Ma Famille na Kodebuwa, da aka fara a 2002. Faransancinsu na Abijan yana da nasa karkace-karkace, amma abin da ke ciki namu ne: miji mai ƙarya, uwar miji, ƙawar da ke kai gulma, bashi. Gohou, ɗan barkwancin da ke ciki, na buɗe ido kawai matan gidanmu sun riga ni ganewa. A nan kalma biyu ta isa, sauran su ke ƙarasawa, har su kawo sunan wani maƙwabci su ce ga irinsa nan. Shi ya sa nake ganin ba harshe kaɗai ke kashe barkwancin Turawa a wurinmu ba. In mutum yana ba'a da shugaban ma'aikatarsa ko likitan ƙwaƙwalwarsa, Inna ba ta da inda za ta rataya abin.

Wani ɗan kasuwa, Njamena:
Mu a nan da tauraron ɗan'adam ya zo, tashoshin Larabawa muka fi kamawa. Mahaifiyata na jin Larabcin Chadi sarai, sai ta ɗauka za ta ji Adel Imam, ɗan wasan barkwancin nan na Masar. Ina! Larabcin Masar daban ne, ko harafin jim ɗinsu "ga" suke cewa. Ƙanena da ya yi karatu a Alƙahira shi ya zama tafinta, daga Larabci zuwa Larabci. In ya gaji sai ya koma Hausa, a nan ne ma take fi yin dariya.

Ɗan Hausare, Garwa:
Malama, labarin Babanki ya taɓa ni, Allah Ya saka masa da alheri. Bayan na karanta na je ɗakin Inna na tambaye ta ko tana tuna jandarman nan mai sanƙo. Ta ce ƙwarai, mai masifar nan. Na ce ai na kasa fassara mata shi. Ta ce ita ba shi take kallo ba, ni take kallo ina dariya har ina riƙe ciki, tambayar kuma don in juyo ne. Yanzu haka jikanta na gefenta da waya, na ji tana ce masa, "Me ya ce?"