Tsohon monita: na'urar auna launi na gyara shi, ko wahalar banza ce?

Mai Ɗab'i: Jama'a, ga magana, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Monitan da ya haura shekara goma yana aiki kullum, ɗora masa na'urar auna launi ɓata lokaci ne. Fitilar bayansa, musamman tsohuwar irin nan mai bututu da ake kira CCFL, haskenta raguwa yake, farinta kuma yana rinjaya zuwa rawaya. Shuɗin da ya tafi ba ya dawowa. Kafin ka kai farin kan D65, wato fari irin na hasken rana, Kelbin 6500 a ma'aunin launin fari, sai ka sauke ja da kore su tarar da shuɗin a inda ya tsaya. Ka ga ɗan hasken da ya rage ma ka ƙara yanke shi.

Injiniya: Ranka ya daɗe, bayanin fitilar daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Ba shekaru ake ƙirgawa ba, awoyin da fitilar ta yi a kunne ake dubawa, kuma wasu monitoci suna nuna su a cikin menu. Galibin monitoci suna fitowa da ƙarfin haske na kandela 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, aikin hoto kuwa 120 yake so, mai ɗab'i ma kan sauka zuwa 100 ko 80. Ko fitila ta zubar da rabin ƙarfinta, da sauranta. Gwajin ba wuya: a bar shi a kunne minti 30, a mayar da shi saitin kamfani, a kashe duk abin da ke sauya haske da kansa, har da Night light na Windows mai rage shuɗi da dare. A daidaita farin, sannan a ɗaga hasken a auna. In ya kai 120 ba tare da an ƙure maɓallin ba, monitan na da sauran aiki.

Hajiya Mai Zane: Ku dakata, abu biyu kuke cuɗawa. Saiti daban, furofayil daban. Saiti shi ne sauya halin monitan: fari, haske, da gamma 2.2, wato yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari. Furofayil na ICC kuwa ba ya sauya komai a jikinsa, rubuta gaskiyarsa kawai yake yi, cewa jansa iya nan ya tsaya, korensa iya nan, don manhajojin hoto irin su Photoshop ko Lightroom su san lambar da za su tura. Monitan da ya tsufa shi ya fi ma bukatar wannan, tunda ya daɗe da barin abin da kamfani ya rubuta a kansa.

Mai Ɗab'i: Na ji, Hajiya. To matakalar fa? Kowane launi mataki 256 gare shi. In manhajar na'urar ta danne ja da kore a cikin katin hoto na kwamfuta, wasu matakan sun salwanta ke nan. Buɗe hoton da ya taso daga baƙi zuwa fari sannu a hankali, za ki ga layi-layi, wani wurin da ɗan kore, wani da ɗan ja-ja, a inda ya kamata a ga ruwan toka zalla. A kan arha-arhan allon da ake kira TN mai bit 6, wato mataki 64 kacal, abin ya fi muni.

Injiniya: Wannan kam haka yake, Malam, shi ya sa ba a barin katin hoto ya ɗauki nauyin duka. A fara da maɓallan ja, kore da shuɗi na jikin monitan, ana kallon ma'aunin manhajar awo ta DisplayCAL har sandunan uku su yi kai ɗaya. A rage biyun da suka yi yawa, kada a ɗaga na ukun ya wuce inda kamfani ya ajiye shi, don farare masu haske za su haɗe su zama abu guda. Kada kuma a taɓa maɓallin kwantaras, mai saita tazarar fari da baƙi. Sai dai in faɗi gaskiya, a wasu ƙananan monitoci maɓallan ma matakai suke ci, don haka a sake duba hoton ruwan tokar bayan an gama. Akwai hanya ta biyu: in farin monitan ya sauka wajen Kelbin 6000 kuma bai karkata zuwa kore ba, a bar shi yadda yake, a gyara gamma kaɗai. Ido yana sabawa da fari cikin 'yan mintoci, muddin babu wani allon a gefensa. Monitocin ƙwararru irin su Eizo ColorEdge da NEC SpectraView kuwa ba su shiga wannan rigimar ba, domin a cikin monitan ake rubuta gyaran, da matakai masu yawan gaske.

Mai Gyara: Kafin a ɗora wa monita laifi a binciki alƙalin, wato na'urar awon kanta. Tsofaffin na'urori irin su Spyder2 da i1Display 2 matatansu na launi suna lalacewa da zafi da laima, sai su ba ka fari mai ja-ja su ce D65 ne. i1Display Pro, wadda yanzu take fitowa da sunan Calibrite, ta fi riƙe gaskiyarta. Sannan a zaɓa mata gyaran da ya dace da fitilar: na CCFL daban, na farin LED daban. Wanda ya zaɓi na LED a kan allon CCFL, rahoton zai fito tas, allon kuwa a karkace. A duba wayar da ta haɗa monita da kwamfuta ma. VGA a sauya ta da DVI in akwai ramin. A HDMI, katin hoto kan tura mataki 16 zuwa 235 maimakon 0 zuwa 255, baƙi ya koma toka-toka, mutum ya ce tsufa ne. Wanda haskensa ke rawa ko yake jinkirin kamawa, a buɗe a duba kafasitocin bangaren wuta, galibi za a tarar kansu ya kumbura. Amma a bar wa wanda ya iya, wutar inbata, sashen da ke kunna fitilar, ba ta wasa ba ce.

Hajiya Mai Zane: Inda zan bi bayan Mai Ɗab'i wuri ɗaya ne. Na'urar tsakiyar allo take aunawa, furofayil ɗin kuma na wannan tabon ne kaɗai. Fitilun CCFL ba sa tsufa tare, ƙarshensu kan riga tsakiya dushewa. A yi gwajin daidaiton allo na DisplayCAL, wanda ke raba allon gida 25 a auna kowanne. In kusurwa ta gaza tsakiya da kashi 15 ko 20 cikin ɗari, ko hagu na rawaya dama na shuɗi, babu furofayil da zai taɓa shi. Fuskar mutum guda za ta sauya launi in ka ja hoton daga gefe zuwa gefe.

Mai Ɗab'i: To ai kin zo inda nake.

Injiniya: Ba ta zo ba tukuna, ranka ya daɗe. Kai ka ce shekara goma, ita ta ce a auna. Sharuɗɗan uku ne: ya kai kandela 120, kusurwoyi su bi tsakiya, matsakaicin Delta E, wato girman kuskuren launi, a rahoton tantancewa ya zauna ƙasa da 2. Ya cika su, a yi masa furofayil mai sauƙi na matiris, wato mai 'yan lambobi kaɗan, ya fi na babban tebur santsi a kan allo mai rauni, a riƙa sake awo duk wata. Ranar da aka ga sai an ƙure maɓallin haske kafin a kai 120, a mayar da shi allo na biyu, na ajiye kayan aiki da karatun saƙo.

Mai Ɗab'i: Sharaɗi na biyun nan shi zai kayar da yawancinsu. Ku auna gida 25 ɗin ku kawo lambobin kusurwa, na tsakiya kowa ya san zai yi kyau.