Siddabaru, rufa-ido ko dashen hoto: me za mu kira "ifet" da Hausa?

Mai fassara:
Assalamu alaikum, malamai. Ana ta rubuta labarin fina-finan ƙagen kimiyya da na almara da Hausa, amma duk inda aka zo kan aikin da ke sa jirgi ya ratsa taurari ko dodo ya taka mota, sai a rubuta "ifet" a wuce. Wasu su ce siddabaru, wasu rufa-ido, akwai ma masu rubuta tsafi. Su kansu Turawan kalma biyu gare su, sifeshal ifet da bijuwal ifet, ga kuma girin sikirin da kuroma ki. Ina roƙon mu tsayar da abin da za a riƙa rubutawa, wanda mai karatu zai gane, ma'aikacin fim kuma ba zai ce an ɓata masa sana'a ba.

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tsafi da sihiri mu ajiye su gefe tun yanzu. Kalmomi ne masu nauyi a wurin Bahaushe, suna nuna an nemi taimakon abin da ba a gani, alhali aikin nan lissafi ne da haske da haƙuri. Siddabaru, dabo da rufa-ido su ne suka fi kusa, domin duka ukun gwaninta ce ta yaudarar ido. Tarihi ma yana bayansu: Georges Melies na Faransa, wanda ake yi wa kallon uban wannan fanni, ɗan dabo ne mai wasa a dandamali a Faris kafin ya kama kyamara. Dabararsa ita ce ya tsayar da ɗauka, a cire mutum ko a musanya shi da wani abu, sannan a ci gaba, mai kallo ya ga mutum ya ɓace. Da irinta ya yi fim ɗinsa na tafiya duniyar wata a 1902. Ni dai siddabarun fim na zaɓa, domin ya riga ya zauna a bakin mutane.

Mai haɗa hoto:
Malama, na karɓi siddabarun fim a matsayin babban suna. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai gida biyu, kuma ma'aikatansu daban, kuɗinsu daban. Na farko shi ne abin da ake yi a gaban kyamara da gaske: wuta, hayaƙi, ruwan sama na famfo, fuskar roba, ƙaramin gini na katako da ake ɗauka kusa ya zama kamar birni, waya da ake ɗaura wa jarumi ya tashi sama. Wannan siddabarun fage ne, shi ne sifeshal ifet ɗin Turawa. Na biyu, wato bijuwal ifet, shi ne abin da ake yi wa hoton bayan an ɗauka. Mutane za su so su ce siddabarun kwamfuta, amma sunan bai rufe shi ba, domin aikin ya girmi kwamfuta. Fim ɗin ɓarawon Bagadaza na 1940 ya yi amfani da shuɗin bango, Larry Butler da ya yi aikin ya ci kyautar Oscar a kansa, duk a kan fim na leda da sinadarin wanki aka yi. Star Wars na 1977 ƙananan jirage ne na roba aka ɗauka a gaban shuɗin ƙyalle, da kyamarar da inji ke maimaita tafiyarta daidai sau da yawa, sannan aka jera hotunan ɗaya kan ɗaya. Don haka siddabarun hoto ya fi dacewa da wannan gida. Abin da kwamfuta ta ƙera daga babu, kamar wasu daga cikin dabbobin Jurassic Park na 1993, shi ne ƙirar kwamfuta, reshe ɗaya ne kawai.

Mai fitila:
Girin sikirin ba ya buƙatar gardama, koren ƙyalle ne, in bango aka shafa wa fenti a ce koren bango. Amma kafin a raɗa wa kuroma ki suna, a san abin da ake yi, don sunan ya biyo aikin.

Ana shimfiɗa ƙyallen a ja shi ya miƙe tsaf, in ya yamutse a yi masa guga, domin kowace tattara inuwa ce, kowace inuwa kuma wani kore ne daban a idon kwamfuta. Ƙyallen fitilunsa daban, jarumi nasa daban. Biyu ake sa wa ƙyallen, ɗaya dama ɗaya hagu, a karkace wajen digiri 45, masu laushin haske, har sai hasken tsakiya da na gefe sun zo ɗaya. Ba da ido ake aunawa ba, da ma'aunin haske na jikin kyamara ake yi, a bar koren tsakanin 40 da 50 cikin 100. In ya wuce haka da yawa ya kama yin fari, launin ya tsere. In ya yi duhu, hoton ya cika da tsaki-tsaki. Jarumi ya tsaya aƙalla mita 2 zuwa 3 daga ƙyallen, don kada inuwarsa ta faɗa kai, kuma kada koren ya dawo jikinsa.

Dalilin zaɓen kore ko shuɗi shi ne fatar ɗan Adam, fari ko baƙi, ja ya fi rinjaye a cikinta, waɗannan biyun su suka fi nisa da ita. Kore ya yi galaba a zamanin dijital saboda a idon yawancin kyamarori, cikin kowane ɗigo huɗu biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, kuma bai kai shuɗi cin fitila ba. Amma in jaruma ta sa koriyar atamfa, dole a koma shuɗi, in ba haka ba kai da hannuwa kawai za a gani suna yawo.

Mai fassara:
Allah ya saka da alheri, Malam. To ke nan kuroma ki "cire kore" ne?

Mai haɗa hoto:
Cire kore yana faɗin rabin gaskiya, kuma ranar da aka yi da shuɗi ya faɗi. Abin da ake nema shi ne mutumin, koren zubar da shi ake yi. Kalmar da ta dace ita ce tsame, kamar yadda ake tsame nama daga romo ko ƙosai daga mai. An tsame jarumi daga kore. Aikin kuma tsamewa. Manhaja, ko Keylight ce a After Effects ko wadda ke cikin DaVinci Resolve, tana duba launin da ka nuna mata ta fitar da wani hoto mai fari da baƙi: inda yake fari a bar shi, inda yake baƙi a huda, inda yake toka-toka a bar shi shara-shara. Wannan hoton shi Turawa ke kira mat, kuma duk ingancin aikin a kansa yake.

Malam daga Damagaram:
Gafarta malamai, ga gudummawa daga wannan ɓangare. Waɗanda suka koyi aikin da Faransanci turukaj suke ce wa siddabarun gaba ɗaya, wato dabara ko wayo, ya yi daidai da zaɓin Malama. Aikin koren ƙyalle kuwa ankurustasiyon suke ce masa, ma'ana cusa abu cikin wani ya zauna daram, kamar yadda maƙerin farfaru ke dasa dutse a zobe. Su sun kalli ƙarshen aikin, Ingilishi ya kalli farkonsa. Hausa tana iya riƙe duka biyun: a tsame, sannan a dasa. Manomin shinkafa ya san dashe, ya san in ƙasar ba ta karɓi shukar ba daga nesa ake ganewa.

Mai haɗa hoto:
Madalla, ɗan'uwa, dashen hoto ya zauna. Kuma maganar ƙasa ta karɓi shuka ita ce ainihin wahalar. Dashe yana tona kansa ne ta wurare sanannu. Na ɗaya haske: in a hoton bayan rana tana hagu, a fage kuma an haska jarumi daga dama, babu manhajar da za ta gyara. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ɗaukar ƙwallo biyu a fage, ɗaya mai toka ɗaya mai sheƙi kamar madubi, don a san daga ina haske ya zo da ƙarfinsa. Na biyu inuwar ƙafa: mutumin da ba shi da inuwa a inda tafinsa ya taɓa ƙasa, shawagi yake yi. Na uku baƙi: duhun rigarsa da duhun da ke bayansa su zama zurfi ɗaya. Sannan tsayin kyamara da faɗin gilashinta su dace da na hoton bayan, a rubuta su a takarda tun ranar ɗauka.

Mai fitila:
Akwai kuma abin da Turawa ke kira sifil, koren da ke dawowa daga ƙyalle ya kwanta a gefen fuska da kafaɗa. A wurinmu ya fi tsanani saboda irin tufafinmu. Farar babbar riga madubi ce, shadda mai maiƙo ta fi ta, haka goshin da ya yi gumi ko ya sha mai. Ka dubi jarumi cikin farar shadda a mita ɗaya daga ƙyalle: kafaɗar ta koma kalar ganyen latas, da an tsame sai ka ga ramuka a cikinta, birnin da ke baya yana leƙowa ta hannun riga. Maganinsa a ƙara nisa, a rufe duk koren da kyamara ba ta gani da baƙin yadi, har na ƙasa, a shafa hoda a goshi, a sa ƙaramar fitila ta bayan jarumi ta wanke gefen. Mayafi shara-shara kuwa sai an yi masa tsamewa tasa daban, mai laushi, jiki kuma a yi masa mai ƙarfi, sannan a haɗa.

Malamar Hausa:
Wannan ai naso ne, Malam. Yadda mai ke naso a takarda, ko danshi a gindin bango. Nason kore. Shi kuma mat, tunda aikinsa ya rufe wani wuri ya bar wani, marufi ya ishe shi.

Mai kyamara:
Naso ya yi, Malama. Marufi ne ban gamsu ba, domin marufi ba ya rufe abu rabi-rabi, shi kuwa wannan a gashi da hayaƙi rabin rufewa yake yi. Kalmar matata, wato abin tacewa, ta fi kama da shi, tana barin wani ya wuce ta tare wani. Ina ƙara abu biyu da ke lalata gefe tun daga kyamara. Yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suna ajiye launi ɗaya ne ga kowane ɗigo huɗu, abin da ake rubutawa 4:2:0, shi ya sa gefen ke fitowa kamar haƙorin zarto. Mai iko ya ɗauka a 4:2:2, bit 10, wanda ya fi ajiye launi. Sai ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da idonta ke buɗe wa kowane hoto: wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, don haka a ɗauki hoto 25 a daƙiƙa da ƙiftawa 1/50 na daƙiƙa. In akwai faɗa ko gudu a kai ta 1/100, hannu ya rage dishi-dishi, daga baya a mayar masa da shi a kwamfuta. Janaretan da ba ya tsayawa a bugu ɗaya yana sa fitilu masu araha rawa, koren ya riƙa canzawa daga hoto zuwa hoto.

Mai haɗa hoto:
Na koma bayan kalmar matata. In tsamewa ta ƙi, sai a koma abin da ake kira roto, wanda asalinsa na'urar Max Fleischer ce ta 1915: a bi gefen mutum da hannu, hoto bayan hoto. Fitowar daƙiƙa 10, a hoto 25 kowace daƙiƙa, hoto 250 ke nan. Yankan hannu za mu ce masa. In kyamara tana tafiya, ana manna ɗigon tef a ƙyallen, tazarar kamar rabin mita zuwa mita, manhaja ta bi su ta gano tafiyar, wannan bin sawu ne. Rigar nan mai ɗigo-ɗigo da ɗan wasa Andy Serkis ya sa aka kwashi motsinsa aka ɗora wa Gollum, halittar da kwamfuta ta ƙera a fim ɗin The Lord of the Rings, a 2002, naɗar motsi ta wadatar.

Mai fassara:
To bari in gwada a jimla, ku duba mini: "An ɗauki jarumin a gaban koren ƙyalle, aka tsame shi, aka goge naso, aka yi wa mayafin yankan hannu inda matata ta gaza, sannan aka dasa shi a birnin da kwamfuta ta ƙera."

Mai kyamara:
Ta yi, sai wuri ɗaya. Mayafi ba a yi masa yankan hannu, domin yanka gefe mai kaifi yake bayarwa, shara-sharan ya mutu. Ka sa "aka yi wa takalmin yankan hannu", can ne inuwa ke haɗuwa da koren ƙasa matata ta rikice.